Ƙullin da Aka Tsinta a Gonar Jatau

A wani ƙauye na manoma an yi wani mutum mai suna Jatau. Allah ya ba shi gona mai kyau da lafiya da 'ya'ya, amma bai taɓa jin daɗin ko ɗaya yadda ya kamata ba, saboda maƙwabcinsa na gona. Sunan maƙwabcin Nomau. Ya girmi Jatau da kamar shekara goma sha biyu, gonakinsu kuwa a manne suke, layin gamba ne kawai ya raba su. Ƙasar ɗaya ce, ruwan da ya sauka a wannan shi yake sauka a waccan. Duk da haka, kowace kaka sai dawar Nomau ta fi ta Jatau.

Kada mu zalunci Jatau, ba rago ba ne. Yakan riga kowa fita, yakan kai taki da jaki tun bazara, ba ya barin ciyawa ta kwana biyu a kunya. Rumbu biyu yake cikawa, abin da rabin ƙauyen suke roƙon Allah ya ba su. Matsalar ita ce Nomau uku yake cikawa. Da a ce Nomau ɗaya da rabi yake samu, da ba wanda zai fi Jatau godiya da biyunsa.

Ranar da ta fi masa ɗaci a shekara ita ce ranar bikin godiya, sa'ad da kowane gida yake kawo dami ɗaya na sabuwar dawa gaban majami'a. Jatau yakan kwana uku yana tsince zangarniyoyin da suka fi kyau don ya haɗa nasa damin. Yakan shiga da shi, mutane su ce madalla. Can sai a shigo da na Nomau, sai ka ji mata sun fara raɗa, dattawa suna gyaɗa kai, wani ma ya miƙa hannu ya shafa. Jatau yana cikin masu waƙar godiya, bakinsa yana waƙa, idonsa yana kan damin maƙwabci. Kishi yake ji, kishi mai zafi, har tuwon ranar ba ya shiga masa.

Ba abin da bai gwada ba. Ya yi shuka a ranar da Nomau ya yi shuka, ya yi huɗa a ranar da ya yi huɗa. Ya koma sayen fartanya wurin maƙerin da Nomau yake saye. Har irin malfar da Nomau yake sawa ya saya, kamar a malfa albarkar take. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba, wato ya tsallaka layin gamban nan ya ce, "Yaya, koya mini." Shi kuwa Nomau bai san ana yi ba. In ya hango shi yakan ɗaga hannu ya ce, "Sannu da aiki, ƙanena." Gaisuwar nan ma haushi take ba Jatau, yana ganin kamar ba'a ake masa.

Da ya rasa dalili, sai ya ƙirƙiro wa kansa ɗaya. Ya ce a ransa ruwa ɗaya da ƙasa ɗaya ba za su ba da amfani biyu ba, sai in akwai wani abu a ƙasa. Ya riƙe wannan zance a ciki shekara talatin, domin ya san ba wanda zai saurare shi. Nomau dattijo ne a ikilisiya, a bencin gaba yake zama, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Ana nan sai tsufa ya zo wa Nomau, ya kuwa zo masa da ciwo a kai. Ba rana ɗaya abin ya same shi ba. Da fari mantuwa ce: ya ajiye fartanya ya yi ta nema, ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Daga baya ya fara kiran matarsa Liyatu da sunan yayarsa wadda ta mutu tun yana saurayi. Wata rana ya zauna ya yi ta kuka ba wanda ya san dalili, wata rana ya yi ta hira shi kaɗai a gindin ɗorawa. Ya taɓa shiga majami'a da riga a baibai, ana tsakiyar wa'azi ya miƙe ya ce a je a kori tsuntsaye kada su cinye dawa. Yara suka yi dariya, manya suka sunkuyar da kai. Lahadi mai zuwa dattawan bencin gaba suka ɗan matsa, suka bar fili tsakaninsu da shi.

Aka fara cewa Baba Nomau ya taɓu. Ɗansa Filibus ya karɓi aikin gona. Amma tsohon bai daina fita ba. Kowace safiya ƙafafunsa sukan kai shi gona, ya yi yawo cikin dawa, rana ta ɗaga ya dawo. Liyatu ta lura cewa duk ranar da ya je gona yakan dawo da natsuwa, ya ci abinci, ya gane ta, wani lokaci har ya tsokane ta kamar dā. Ranar da ruwa ya hana shi fita kuwa, sai kuka da rikici. Sunaye sun gudu masa, kwanaki sun cakuɗe masa, gona ce kaɗai ta rage masa.

Jatau ya ce Allah sarki tare da masu cewa Allah sarki. A can ƙasan zuciyarsa kuwa wani ɗan daɗi ya ji, irin wanda mutum ba ya faɗa wa ko matarsa. Ya ɗauka yanzu sunansa zai fito. Ashe ba haka ba ne. Tun da Nomau ya kamu da ciwo sai mutane suka ƙara yabonsa. Duk inda aka zauna sai wani ya ce, "Kai, an yi manomi. Ƙauyen nan ba zai sake ganin kamar Baba Nomau ba." A gaban Jatau ake faɗa, yana zaune da kunnuwansa biyu. Mutumin da bai san yau wace rana ba ce, har yanzu ya fi shi suna. Wannan ya ci masa rai fiye da rumbu ukun.

A shekara ta biyu da ciwon, dawa ta ƙosa, saura kamar mako uku a fara girbi, Jatau ya shiga gonarsa da hantsi. Sai ya ga wani kara, ganyen da ke ƙarƙashin zangarniyarsa a ƙulle. Ba iska ce ta naɗe shi ba, hannun mutum ne ya ƙulla. Ya yi gaba kaɗan, ga wani. Ya bi kunya kunya, ya tarar sun fi ɗari. A ƙauyen nan kowa ya san abin da ake cewa in an tsinci ƙulli a gonar mutum: asiri aka yi masa.

Washegari ya yi sammako ya laɓe a bayan suri. Bai daɗe ba sai ga Nomau ya ratso layin gamba, yana tafiya a hankali cikin dawar Jatau. Yakan tsaya gaban kara, ya girgiza shi, ya tallabo zangarniyar a tafin hannu, ya ciro ƙwaya ɗaya ya ciza, ya yi 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Wani karan ya wuce shi, wani ya kama ganyensa ya ƙulla.

Tsoro ya kama Jatau, amma murna ta fi tsoron yawa. Abin da ya riƙe a ciki shekara talatin, yau ga shi ya gani da idonsa. Ya ɗauko magirbi ya bi duk karan da aka ƙulla ya sare. Yana sarewa yana lura, domin shi ma manomi ne, cewa ba a ƙulla ko ɗaya mara kyau ba. Kowace zangarniya cike take, mai nauyi, ba tabo. Maimakon wannan ya sa ya tsaya ya yi tunani, sai ya ƙara masa tabbaci. Ya ɗaure su ya kai ƙofar mai unguwa, ya sa aka tara mutane, aka kawo Nomau da matarsa da ɗansa.

Jatau ya zube karan a tsakiyar fili ya ce, "Jama'a, ku duba da kyau. Bai ƙulla ko ɗaya ba sai wadda ta fi kyau. Haka yake janye albarkar gonata yana kai wa tasa tun muna samari. Da yana da hankali a ɓoye yake yi. Yanzu asirin ya juya masa, ya taɓa masa kai, shi ya sa yake yi a fili."

Kafin ya rufe baki an sami masu taya shi. Wani ya tuna akuyarsa ta mutu bayan tsohon ya tsaya ya daɗe yana kallonta. Wata ta tuna ɗanta ya yi zazzaɓi ranar da tsohon ya shafa masa kai. Wani ya ce dā ma ya daɗe yana mamakin rumbu ukun nan. Waɗannan su ne mutanen da jiya suke cewa ba a yi manomi kamarsa ba, su ne kuma suke cika majami'a ran Lahadi.

Liyatu ta nemi izini ta yi magana. Ta ce, "Iri yake zaɓa. Ku sai an girbe kuke zaɓan iri a cikin dami. Baban Filibus a tsaye yake zaɓa, don ya ga karan da iska ba ta kwantar ba, wanda cutar burtuntuna ba ta taɓa ba, wanda ya riga 'yan'uwansa nuna. Ya ƙulla ganyen don shaida, ana gobe girbi ya yanke su, ni kuma in rataye su a madafa inda hayaƙi yake. Shekara arba'in ina ratayewa. Ɓatan hanya ya yi, ya ɗauka gonarsa ce."

Maganar ta shiga kunnen Jatau, ta kuwa so ta zauna, domin ta yi daidai da abin da hannunsa ya ji sa'ad da yake sara. Amma in ya yarda, to shekara talatin ba asiri aka fi shi da shi ba, sanin aiki aka fi shi. Wannan kuwa ba zai iya haɗiye shi a gaban jama'a ba. Sai ya yi dariya ya ce ai matar mutum ba abin da za ta ce sai wannan.

Mai unguwa ya juya ga Filibus ya tambaye shi. Filibus ya san gaskiya, tun yana yaro yake bin ubansa yana riƙe masa zangarniyoyin iri. Amma ya dubi fuskokin mutane, ya tuna a cikinsu zai zauna, da su zai yi gayya, su za su zo masa in ya yi rashi. Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai bai san abin da Baba yake yi ba a kwanakin nan. Duk wannan abu Nomau yana zaune a ƙasa yana murmushi, yana gaishe da kowa, ya ɗauka taron biki ne.

Aka yanke a ƙone karan. Da wuta ta kama, tsohon ya ga zangarniyoyin suna cin wuta, sai ya zabura ya ce, "Iri ne, kada ku ƙone, iri ne." Ya kai hannu zai zaro. Samari suka riƙe shi, suka murɗe hannuwansa ta baya, wani ya buge masa yatsu da sanda. Mai unguwa ya kafa doka cewa kada a sake ganinsa a gonar kowa, ko da tasa ce, in kuwa aka gan shi za a sa masa mari a ƙafa. A ranar Filibus ya sayi kwaɗo. Aka share ɗakin baya, inda ake ajiye garma da buhuna, aka shigar da tsohon aka kulle.

Daga nan abin ya bi gidan gaba ɗaya. Liyatu takan yi daddawa ta sayar, mata suka daina saye. In ta sha ruwa a gidan maƙwabta, tana fita a wanke moɗar da toka. Dattawan ikilisiya sun zo sau ɗaya, suka yi addu'a daga bakin ƙofa, suka ba da shawara cewa gara tsohon ya riƙa hutawa a gida ran Lahadi don kada hankalin jama'a ya rabu. Kowace safiya maƙwabta sukan ji tsohon yana buga ƙofa yana cewa rana ta fito, a buɗe masa. Ya yi wata huɗu yana bugawa, daga baya aka daina ji.

A bikin godiyar shekarar, Filibus bai kawo dami gaba ba, ya ajiye nasa a baya ya zauna. Damin Jatau ne ya fi na kowa. Ya tsaya yana jiran yabon da ya daɗe yana ƙishirwa, sai wata tsohuwa ta shafa damin ta ce, "Madalla, Jatau. Saura kaɗan ya kai irin na Baba Nomau na dā." Ya koma gida ransa a ɓace, ya rasa wanda zai yi wa faɗa sai jaki.

To, akwai abin da Jatau bai faɗa wa kowa ba. Lokacin girbi, a can kusurwar gona ta wajen kwari, ya tarar da kara bakwai masu ƙulli waɗanda idonsa ya tsallake ranar sara. Ya yi niyyar ƙone su. Ya juya su a hannu, ya sake juyawa, hannunsa ya ƙi. Ya soke su a cikin jinkar rumbu. Da damina ta sauka ya shuka su a 'yan kunyoyi a kusurwar nan, yana gaya wa kansa cewa so yake ya ga sharrin da ke ciki.

Suka tsiro daidai wa daida. Da aka yi wata iska mai ƙarfi a tsakiyar damina, rabin gonar ya kwanta, su suna tsaye. Burtuntuna ta shiga gonar ta baƙanta zangarniyoyi da yawa, ba ta taɓa su ba. Da suka ƙosa, Jatau ya tsaya a gabansu ya ga irin dawar da ya yi shekara talatin yana leƙe ta saman gamba, ga ta a gonarsa, daga irinsa. Ya tuna sauran fiye da ɗari da ya ƙone da hannunsa.

Zan so in ce muku nan take ya tuba, amma ba haka aka yi ba. Abin da ya fara ji haushi ne. Ya ce a ransa, "Wato ko da ciwonsa ya fi ni sanin gonata." Ya ƙudura zai yi da kansa. Ya shiga dawa yana girgiza kara yana cizon ƙwaya kamar yadda ya ga ana yi. Ya ƙulla wannan, ya ga na kusa da shi kamar ya fi, ya kwance, ya sake ƙullawa. Ya yi kwana uku a haka, duk zangarniyoyin suka zama ɗaya a idonsa. Aikin da ido da hannu suka koya cikin shekara hamsin ba a ɗaukarsa daga bayan suri. A rana ta huɗu ya nufi gidan Nomau, ba tausayi ne ya kai shi ba, bukata ce.

Liyatu ta dube shi bayan ya gama bayanin cewa so yake a ba shi tsohon ya je ya zaɓa masa iri. Ta ce, "Sai yau, Jatau?" Ta yarda, ba dominsa ba, sai don tana so mijinta ya sake ganin gona. Filibus ya buɗe kwaɗo bai dubi kowa ba. Tsohon ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, hasken rana yana sa shi runtse ido. Bai gane Jatau ba. Suka ɗora shi a kan jaki, Jatau ya bi da su ta hanyar bayan gari don kada a gan su tare.

Suka sauke shi a tsakiyar dawa. Ya ɗaga kai ya duba, ya shaƙi ƙamshin gona, fuskarsa ta washe, har Liyatu ta fara share hawaye. A gabansa akwai wata zangarniya mai kyau ta sunkuyo. Hannunsa ya fara tashi zuwa gare ta. Saura kaɗan ya taɓa, sai ya janye da sauri, ya mai da hannuwansa biyu baya ya riƙe.

Ya ce, "Ban taɓa ba. Ku duba, ban taɓa ba."

Jatau ya ce, "Yaya, taɓa mana. Ba wanda zai yi maka kome. Zaɓa mini iri."

Ya kamo hannun tsohon zai ɗora a kan zangarniyar. Nomau ya fashe da kuka, yana roƙo a mai da shi ɗaki kafin su zo. Ya manta sunan matarsa, ya manta sunan ɗansa, amma bai manta da sandar ba. A nan ne kunya ta rufe Jatau, kunyar da ba ta taɓa kama shi ba tun da aka haife shi. Suka ɗora tsohon a jaki suka koma.

Ran Lahadi Jatau ya miƙe a gaban ikilisiya ya faɗi kome, tun daga damin godiya har zuwa kara bakwai. Mutane suka ce Allah ya gafarta mana. Mai unguwa ya janye dokarsa, Filibus ya cire kwaɗo ya bar ƙofa a buɗe. Amma Nomau bai fito ba. Yakan zauna a kusurwa hannuwansa a cinya, ƙofa a wangale, rana tana shigowa har ƙafarsa. Bai sake taka gona ba har Ubangiji ya kira shi.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Nomau shi ne kowane tsoho da kowace tsohuwa a cikinmu da ciwo ya taɓa wa hankali. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce ta jiki. Yadda ido yake dushewa, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, haka ita ma takan yi ciwo. In tsohuwa ta makance mukan riƙe mata sanda, mu ce sannu Mama. In hankalinta ne ya rikice sai mu ce mayya ce, ko abin da ta shuka ne take girba. Wa ya koya mana wannan bambanci? Ba Ubangiji ba ne. Shi da ya yi mutum cikin siffarsa bai ce siffar tana ƙarewa ranar da mutum ya fara mantuwa ba.

Amma na fi so mu tsaya a kan Jatau, domin shi ne ya fi kama da mu. Ku lura, ba ciwon Nomau ne ya haifi zargin ba. Zargin ya girmi ciwon da shekara talatin. Kishi ne yake zaune yana jira, ciwo kawai ya buɗe masa ƙofa. Sa'ad da mutum yake da ƙarfi da baki, ba mu iya faɗa masa kome. Ran da ya kasa kāre kansa, ran nan ne muke tuna akuyarmu da ta mutu. Saboda haka in ka ji ana cewa ciwon wani tsoho alhaki ne, ka tambaya wa ya fara faɗa, kuma me tsohon ya taɓa fin sa da shi. In kuwa kai ne ka ji ɗan daɗin nan a zuciya da ka ji labarin wanda ya fi ka ya rikice, kada ka kira shi da wani suna. Kishi ne, zunubi ne, ka kai shi gaban Allah tun bai sa ka tara jama'a ba. Ni mai wannan magana na san ɗan daɗin nan, ba labari aka ba ni ba.

Ƙullin ganye kuwa shi ne alherin da ya rage a cikin mai ciwo. Mutum yana iya manta sunan ɗansa, hannunsa bai manta aiki ba, bakinsa bai manta waƙar yabo ba, zuciyarsa ba ta manta wanda ya yi mata kirki da wanda ya tsorata ta ba. Abin da muke gani kamar shirme, sau da yawa yana da tushe, in da za mu tambayi wanda ya zauna da shi. Liyatu ta faɗi gaskiya a gaban kowa, ba a saurare ta ba, don an riga an haɗa ta da mijinta an yanke hukunci.

Akwai kuma Filibus. Bai yi ƙarya baro-baro ba, gaskiya ya ɓoye a inda ya kamata ya faɗe ta, sa'an nan ya sayi kwaɗo. Na san kula da mai irin wannan ciwo akwai gajiya, wanda bai yi ba bai sani ba. Amma kuɗin kwaɗo da kuɗin mota zuwa asibiti ba su da nisa da juna. Waɗansu cututtukan suna jin magani, waɗansu ba sa warkewa, duk da haka likita yana iya nuna yadda za a sauƙaƙa wa mai ciwo da masu jinya. Mu kuma ikilisiya, aikinmu ba addu'a daga bakin ƙofa ba ne. Mu shiga mu zauna, mu sha ruwa a moɗar gidan, mu karɓi mai jinya ta huta yini ɗaya. In tsoho ya miƙe a tsakiyar wa'azi ya yi maganar da ba ta kan hanya, wa'azin ba zai lalace ba. A kama hannunsa a zaunar da shi a wurinsa na kullum.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Jatau ya tuba, na kuwa gaskata Allah ya gafarta masa. Amma tubarsa ba ta mayar wa Nomau gonarsa ba. Tsoho ba shi da shekarun da zai jira mu gane kuskurenmu a hankali. Kowannenmu ya san wani gida a unguwarsa inda akwai ɗakin baya, ya kuma san sunan wanda yake ciki, ya san rabonsa da ganinsa a majami'a. Yau in an tashi, kafin ka je ka ci abinci, ka bi ta gidan. Wataƙila har yanzu yana buga ƙofa.